A Ɗaukaka Ƙara Ko A Jira? Jawabin Shugaban Matasa Kan Hukuncin Da Kotu Ta Yi A Tsakiyar Shari'armu

Wannan shi ne jawabin da Shugaban Matasa na tsaginmu ya gabatar a zaman da aka yi da shugabannin matasa na mazaɓu da 'yan soshiyal midiya. Mun kawo shi yadda ya faɗa saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Iyayenmu dattawa da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, shugabannin matasa na mazaɓu, da ku 'yan'uwana da ke riƙe da waya dare da rana kuna kare wannan tafiya, sannunku da zuwa. Na san wani ya rufe shago, wani ya ajiye babur, wani ya baro gona. Allah Ya saka da alheri.

Tun ranar da aka fito daga kotu wayata ba ta huta ba. Kowa ya kira maganarsa ɗaya ce: "Shugaba, me ake jira? A tafi afil mana!" Wasu ma sun wuce nan, sun fara rubuta cewa an sayi lauyoyinmu. To, ni ba lauya ba ne, difloma gare ni, kun sani. Amma na je na zauna da lauyoyin nan har dare, na ce su buɗe min littafi su nuna min da yatsa. Abin da na fahimta shi na kawo muku, don in za mu yi fushi, mu yi shi da ilimi.

Me ya faru a kotu? Mun roƙi alƙali ya ba da oda a hana ɗaya ɓangaren kiran kansu shugabanni har sai an gama shari'a. Alƙali ya ƙi bayarwa. Amma a zaman nan dai ya ce za a gaggauta sauraren ainihin ƙarar, ya kuma sa rana. Bai ce su ne halastattu ba, bai ce mu ne ba. Shari'a tana nan da ranta. Waɗanda kuka ga suna kiɗa suna rawa a Facebook, suna murnar abin da ba a ba su ba ne.

Hukuncin kotu iri biyu ne. Akwai na ƙarshe, wanda in alƙali ya yanke shi ya raba gardama, ya rufe fayil, ba sauran abin da zai yi a kai. Akwai kuma na tsakiyar shari'a: a karɓi wannan takarda ko kada a karɓa, a shigar da wane cikin ƙara ko kada a shigar, a ɗage zama, a ba da odar dakatarwa ko a hana. Ma'aunin da kotunan Nijeriya ke amfani da shi mai sauƙi ne: hukuncin ya warware haƙƙin masu shari'ar gaba ɗaya? In ya warware, na ƙarshe ne. In gobe za a dawo gaban alƙalin nan a ci gaba, na tsakiya ne. Namu na tsakiya ne.

Shin doka ta ba mu damar ɗaukaka ƙara a kansa? Ta ba mu, kada wani ya ce muku ba ta ba mu ba. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa wuraren da mutum zai wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara kai tsaye ba tare da neman izini ba. A ciki akwai hukuncin ƙarshe, akwai inda ƙorafin na zallar doka ne, akwai inda ake maganar 'yancin mutumin da ke tsare, akwai kuma inda aka ba da odar dakatarwa ko aka hana ta. Abin da bai shiga lissafin ba, sashe na 242 ya ce sai ka nemi izini, ko a kotun da ta yi hukuncin ko a ta sama. Sannan akwai wa'adi. Hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, wata 3 gare ka. Na tsakiya kuwa kwana 14 ne kacal.

Ke nan ƙofa a buɗe take. Tambayar ita ce, in mun shiga, ina za ta kai mu?

Ku bi ni a hankali. Ka shigar da takardar afil. Sai an tattara bayanan shari'a an tura sama. Sai lauyanka ya rubuta hujjojinsa, na ɗaya ɓangaren ya rubuta amsa, kowa da kwanakin da doka ta ba shi. Sai a jira rana, a kotun da ke da tulin fayil daga jihohi da dama. A ƙa'ida, shigar da afil kaɗai ba ya tsayar da shari'ar ƙasa, sai an nemi a tsayar. Amma da zarar wani ya kai buƙatar tsayarwa gaban kotun sama, alƙalin ƙasa yakan ɗaga hannu ya jira, saboda girmama na gaba da shi. In an gama a can, wanda bai gamsu ba ya wuce Kotun Ƙoli. Kotun nan guda ɗaya ce tal a Abuja, ita ke ɗauke da ƙasar nan duka. Duk wannan tafiyar, ba a taɓa ainihin maganar ba, wato waye halastaccen shugaba.

Yanzu ku tambayi kanku: wa jinkiri ke yi wa amfani? Wanda ke zaune a ofis, hatimi na hannunsa, yana sa hannu a takardu. Kowace rana da aka ƙara, riba ce gare shi. Mu da muka kai ƙara mu ne masu sauri. In muka ɗauki fayil ɗinmu da hannunmu muka kai sama, mun yi musu aikin da lauyoyinsu ke neman hanyar yi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ba da ka nake magana ba, ga tarihi.

A 1987 wani ma'aikaci mai suna Amadi ya kai kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ƙara kan korarsa daga aiki. Kamfanin ya ce kotu ba ta da hurumi, saboda takardar sanarwar da doka ta ce a ba su kafin a kai su ƙara ba ta cika ƙa'ida ba. A kan wannan magana ɗaya aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Sai a shekarar 2000 aka yanke, aka ce a koma ƙasa a fara shari'a. Shekara 13, ba a saurari shaida ko ɗaya kan korar ba. Alƙalin Alƙalai na lokacin, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, Allah Ya jiƙansa, ya nuna takaicinsa a cikin hukuncin. Ya ba da shawarar a riƙa haɗa irin wannan ƙorafi da ainihin shari'a, a yanke su tare, wanda zai ɗaukaka ƙara ya ɗaukaka gaba ɗaya sau ɗaya.

Ga na biyu, wanda kowa ya sani. A 2007 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, a Babbar Kotun Abuja kan kuɗin jiha. Lauyoyinsa suka ce kotun Abuja ba ta da hurumi. Aka tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka wuce Kotun Ƙoli. Sai a watan Fabrairun 2015 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙorafin ta ce a koma a yi shari'a. Wajen shekara 8 sun tafi. Da aka zauna aka yi shari'ar, a watan Yunin 2018 aka yanke hukunci. Ku duba: sauraren shaidu da yanke hukunci bai ci rabin lokacin da gardamar hurumi ta ci ba.

Irin wannan ne ya sa a 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda sashenta na 306 ya ce kotu ba za ta saurari buƙatar tsayar da shari'ar laifi ba. Kana iya tafiya afil ɗinka, amma shari'a ba za ta jira ka ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan sashe a shari'ar Olisa Metuh.

Mu dawo gidanmu na siyasa. Dattawan nan sun tuna zaɓen 2003. Shari'ar Buhari da Obasanjo sai a watan Yulin 2005 ta ƙare. Peter Obi sai a watan Maris na 2006 ya karɓi kujerar Anambra da ya ci tun 2003. Fayemi a Ekiti da Aregbesola a Osun, zaɓen 2007 ne, amma sai a ƙarshen 2010 suka shiga ofis. Saboda haka aka gyara sashe na 285 aka sa wa'adi: kwana 21 na shigar da ƙarar zaɓe, kwana 180 na yanke hukunci, kwana 60 na kammala ɗaukaka ƙara.

Sai wata matsalar ta ɓullo. A zaɓen Gwamnan Borno na 2011, Muhammadu Goni na PDP ya ƙalubalanci Kashim Shettima na ANPP. Aka yi ta hawa da sauka kan batutuwan share fage, kwanaki na tafiya. A watan Fabrairun 2012 Kotun Ƙoli ta ce kwana 180 ɗin nan ba mai ikon ƙara ko yini ɗaya a kai. Ƙara ta mutu ba a auna hujjojinta ba. Haka ta faru da ƙarar Steve Ugbah a Binuwai. Ban ce da an saurara da sun ci ba, wannan Allah kaɗai Ya sani. Abin da nake cewa, agogo ne ya yanke musu hukunci.

Shi ya sa aka sake gyara, aka kawo sashe na 285(8). Yanzu a ƙarar zaɓe da shari'ar gabanin zaɓe, in wani ya taso da maganar hurumi a tsakiya, alƙali zai saurara, amma zai ajiye hukuncinsa sai ranar hukuncin ƙarshe. Shawarar da Uwais ya bayar a 2000 ita ce ta zama doka. Shari'ar gabanin zaɓe ma an ɗaure ta: kwana 14 na shigarwa, kwana 180 na hukunci, kwana 14 na afil, kwana 60 na kammala shi. Sai dai ku lura, ba kowace rigimar cikin gida ta jam'iyya ce ke samun wannan wa'adin ba. Wadda ba ta samu ba tana iya kwana a kotu har zaɓen fidda gwani ya zo ya wuce. In ya wuce, ko an ba ka gaskiya daga baya, takarda ce kawai za ka rataye a ɗaki.

Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai ke fama. A Amurka ƙa'idarsu ita ce a jira hukuncin ƙarshe, sai a 'yan wurare kaɗan. A cikin 'yan wuraren nan Donald Trump ya bi. An sa ranar 4 ga Maris 2024 don fara shari'arsa kan zaɓen 2020, sai ya ɗaukaka ƙara kan cewa yana da rigar kariya. Shari'a ta tsaya. Kotun Ƙolinsu ba ta yanke ba sai 1 ga Yuli. Kafin a farfaɗo, zaɓen Nuwamba ya zo, ya ci, aka janye ƙarar. Ko a can, wanda ya samu lokaci ya samu rabin nasara.

Ni kaina na ɗanɗana. Ina sakandare aka fara shari'ar gonar mahaifinmu. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗaukaka ƙara kan wata takarda guda da alƙali ya karɓa. Na gama sakandare, na gama difloma, fayil bai dawo ba. Kafin ya dawo, dattawa biyu da suka san iyakar gonar sun rasu. Baba ya sayar da shanun huɗarsa saboda kuɗin mota da na lauya. Don haka in na ji yaro yana ihun "afil, afil" kamar wata walima za a je, sai in tuna fuskar Baba a tasha.

To, kada a fahimce ni a baibai. Akwai lokacin da ɗaukaka ƙara a tsakiya wajibi ne, kuma doka ba ta yi wauta da ta bar ƙofar ba. In an tsare mutum an hana shi beli, ba za ka ce ya jira shekara biyu a gidan yari ba. In an ba da odar da za ta sa a rushe gini ko a sayar da kadara, hukuncin ƙarshe ba zai dawo da abin da ya tafi ba. A siyasa, in an ba da odar da za ta hana mu miƙa sunayen 'yan takara har wa'adin INEC ya cika, wallahi a ranar za mu kwana a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ma'aunin da lauyoyi suka ba ni tambaya uku ce. Ɓarnar da hukuncin zai yi, za ta gyaru a ƙarshe ko ba za ta gyaru ba? In mun ci afil ɗin, shari'ar ta ƙare ko dawowa za mu yi mu fara daga inda muka tsaya? Sannan wa zai ci ribar kwanakin da za a ɓata?

Mu auna namu. Odar da aka hana mu, in mun ci ainihin shari'a, alƙali na da ikon rushe shugabancinsu da abin da aka gina a kansa, kamar yadda muka roƙa a takardar ƙararmu. Ke nan ɓarnar mai gyaruwa ce. In mun je sama mun ci, oda kawai za a ba mu, mu dawo ƙasa mu ci gaba. Kwanakin kuma su za su ci. Uku ba ko ɗaya. Shi ya sa dattawa da lauyoyi suka yanke cewa ba za mu ɗaukaka ƙara kan wannan hukunci ba, kuma ni na goyi baya. Sauran ƙananan ƙorafe-ƙorafe, irin takardar da aka ƙi karɓa, ba su ɓata ba. Lauyoyi sun rubuta sun ajiye. In ta kama a je sama bayan hukuncin ƙarshe, akwai hanyar ɗaure su a tafi da su tare, wasu kai tsaye, wasu da neman izini.

Akwai wani darasi da nake so ya zauna muku, domin gobe oda na iya faɗowa a kanmu. A watan Mayun 2018 a Jihar Ribas, wasu 'yan APC suka je Babbar Kotu a Fatakwal suka ce sun biya kuɗin fom an hana su shiga zaɓen shugabannin jam'iyya. Kotu ta ba da odar a dakata. Jam'iyya ta ci gaba da harkarta, sannan ta garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta samo odar jingine wancan umarnin. A watan Oktoba Kotun Ƙoli ta soke wannan jinginewar, bisa dalilin cewa wanda ke take umarnin kotu bai cancanci kotu ta yi masa alfarma ba. A watan nan dai Babbar Kotu ta rushe zaɓen shugabannin da na fidda gwanin da aka ɗora a kai. Ƙarshenta, a zaɓen 2019 APC ba ta da ɗan takarar gwamna ko na majalisa a Ribas. Jam'iyya mai mulkin ƙasa fa! Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Oda ko ba ta yi maka daɗi ba, ka bi ta har sai kotu ta janye ta. Takardar afil a aljihunka ba lasisin taka doka ba ce.

Sai magana ta tsakani da Allah. Shekaru muna zagin manya da ke amfani da afil suna kashe shari'a. In yau mu ma muka ɗauki wannan makamin don kawai mu huce haushi, da wane baki za mu yi magana gobe? Kuma ina sa ran su ɗaya ɓangaren za su gwada. Kada ku yi mamaki in kun ji sun taso da maganar hurumi, ko sun ce alƙali ya janye, ko lauyansu ya kwanta rashin lafiya ranar zama. Ranar da kuka ga haka, ku gane wanda ke tsoron a buɗe fayil. Mai gaskiya shi ke roƙon a yi sauri.

Saboda haka ga roƙona guda huɗu.

Na ɗaya, a daina zagin alƙali. Shari'a na gabansa. Duk abin da ka rubuta, akwai mai ɗaukar hotonsa ya kai wa lauyansu, gobe a karanta shi a kotu da sunan tafiyarmu. In akwai ƙorafi na gaskiya kan alƙali, akwai Majalisar Shari'a ta Ƙasa, kuma lauyoyi ne za su rubuta da hujja.

Na biyu, a daina cewa an sayi lauyoyinmu. Lauyan da ke son kuɗinka shi zai ce maka a tafi afil, don sabon fayil sabon kuɗi ne. Wanda ya ce ka zauna, aljihunsa ya yi wa asara. Kuɗin nan kuma ku kuka tara, da ɗari biyar ɗin mai shayi da dubu ɗayar mai kayan miya. Amana ce.

Na uku, kada wanda ya sake yaɗa labarin kotu sai ya ga takardar hukunci mai hatimi, ko sanarwa daga wannan shafi. In an ce maka "kotu ta tabbatar da wane," ka tambaya: hukuncin ƙarshe ne ko na tsakiya? Wannan tambaya kaɗai za ta kashe rabin ƙaryar da ke yawo a WhatsApp.

Na huɗu, kuma shi ne babba, a koma mazaɓa. Shari'ar nan da takarda za a ci ta. Rijistar 'yan jam'iyya, rasit ɗin kuɗin fom, takardar sakamako, hotuna da bidiyon ranar zaɓen shugabanni masu nuna wuri da lokaci, duk wanda ke da su ya kawo wa sakataren matasa cikin makon nan. Wanda ya ga abin da ya faru da idonsa kuma zai iya rantsuwa a kai, ya ba da sunansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai gani ba kuma, don Allah kada ya ce ya gani. Shaidar zur guda ɗaya tana iya rushe gaskiyar mutum ɗari, ga kuma hisabi a gaban Allah.

Ban yi muku alkawarin nasara ba, hukunci na hannun alƙali, mulki kuma na Allah ne. Abin da na yi muku alkawari, ba za mu kashe shari'armu da hannunmu ba. Ranar zama a fito da yawa, a yi shiga ta mutunci, ba taken kowa, ba gora, ba jifa. A zauna a saurara, a tashi a watse lafiya.

Allah Ya ba mai gaskiya gaskiyarsa. In mu ne a kan kuskure, Allah Ya nuna mana Ya ba mu ikon gyarawa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.